Azumin da Fitilar Kulu Ba Ta Yi Ja Ba

Shekaranjiya Inna ta zazzage kwandon albasa a tsakar gida, ta tsinci guda ɗaya da ta yi laushi. A ido lafiyarta lau, ɓawonta ja yana ƙyalli. Sai da ta matsa ta da babban yatsa ruwa ya tsarto. Ta jefar da ita bakin rariya, ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa warin ya tsayar da ni da buta a hannu. Bazara ta kama sosai a Birnin Kebbi bana, irin wadda ganyen darbejiya ke tsayawa cik kamar zana shi aka yi. Ba abin da ke mayar da ni wancan azumin kamar zafi da warin albasa in sun haɗu.

Yanzu azumi ya ja baya, ya bar wa bazara filinta. Wancan karon kuwa, shekara shida ke nan, tsakiyarta ya faɗo. Ban daɗe da gama jami'a ba aka riƙe ni a matsayin mataimakiyar malami, aka ba ni 'yan ajin farko in koya musu haɗa kayan lantarki da hannunsu. Su talatin da 'yan kai ne. Yawancinsu ba su taɓa riƙe wayar da ta fi ta tocila siranta ba. Wasu sun girme ni, amma duk Malama suke ce mini, ni kuma nakan waiwaya in ga da wa ake.

Ɗakin gwajinmu dogo ne, rufin kwano, taga uku. Dukiyarmu duka tana cikin akwatin ƙarfe guda wanda Malam Sani, dattijon da ke kula da kayan ɗakin, ke rataye da mabuɗinsa a wuya. A ciki akwai alluna huɗu. Kowanne bai wuce tafin hannu ba, shuɗi, da wani baƙin abu mai ƙafafu da yawa a tsakiya kamar ƙwaro ya kwanta. Wannan baƙin abu shi ne ƙwaƙwalwar. Sai ka rubuta umarni a kwamfuta, ka tura mata ta igiya, ita kuma ta riƙe, ta yi ta aikatawa ba gajiya ba tambaya. In ka so ka wanke ka rubuta wani. Kwamfutar da ke aiki guda ɗaya ce, tawa ce, batirinta kuma ya tsufa.

Ba na manta darasin farko. Na rubuta layi huɗu, na tura, wani ɗan ƙwan fitila da bai kai ƙwayar wake ba ya fara ƙiftawa. Ya kama, ya mutu, ya kama. Ɗakin ya yi tsit. Na nuna musu wata lamba a cikin rubutun, na ce ita ce tsawon jiran da ƙwan ke yi kafin ya sake kamawa.

"Kada ku ji tsoronta," na ce. "Ku canza lambar ku ga abin da zai faru."

Wani mai suna Bashiru, mai barkwancin ajin, ya rage ta sosai, ƙwan ya shiga rawar jiki.

"Malama, wanga ya ga mai bin shi da gudu!"

Aka fashe da dariya. Daga ranar nan maganata ta canza lamba ta zama kirarin ajin. In wani ya yi kuskure a lissafi, ko shayin wani ya yi ƙarancin sukari, sai a ce masa ya canza lambar ya gani. Ina jin daɗin haka ƙwarai. A zatona na cire musu tsoro, kuma ban san wani abu da ya fi wannan kyau da malami zai yi ba.

A bayan ɗaki, kusa da taga ta uku, wata yarinya ke zama, Hauwa'u, kowa na ce mata Kulu. Daga wata unguwa take a gefen Argungu, 'yar manomin albasa. Ba ta da yawan magana. Hannunta na fara lura da shi. Akwai wasu ƙananan abubuwa masu rage ƙarfin wuta, kamar ƙwayar shinkafa, kowanne da zoben launi a jikinsa wanda ke faɗin girmansa. Samari kan zubar da su, su bi ƙasa da rarrafe suna nema. Kulu kuwa takan baza su a murfin kwano ta riƙa tsinta da yatsa biyu, yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa, ba ta ko duban takardar launuka. Sau ɗaya na tambaye ta yadda ta haddace.

"Kamar duwatsun wuya na, Malama," ta ce. "In kin san jerin, kin sani."

Sai azumi ya zo.

Kwanakin duk kama ɗaya suke. Mu yi sahur da tuwon shinkafa da ruwan randa, in cika cikina da ruwa har in ji yana motsi in na sunkuya. Da hantsi in hau babur ɗin kabu-kabu da kwamfuta a goye, iskar da ke bugun fuskata tun lokacin ta fara ɗumi. In an kawo wuta a gida kafin asuba, to ranar muna da awa biyu na aiki. In ba a kawo ba, abin da ya rage a batir shi ne rabonmu, mu yi ta rarraba shi tsakanin rukuni takwas kamar ruwan rijiyar da ta kusa ƙafewa. Kowane rukuni su rubuta umarninsu a takarda tukuna, su duba, su sake dubawa, sannan a ba su minti biyar a gaban kwamfuta. Wanda ya manta ɗigo ɗaya ya jira gobe.

Ƙarfen narkar da dalma na wuta ne, wutar kuwa babu. Malam Sani ya zo da wani tsohon ƙarfe mai kan tagulla irin na masu liƙin bokiti, ya hura gawayi a bakin ƙofa. Al'adarsa ce ya gwada zafin ƙarfe da ɗan tofi. Wata rana na gan shi ya tattara baki, ya sake tattarawa, ya girgiza kai.

"Malama, ko yawun ma ya tahi hutu."

Da azahar kwano kan fara ƙara a kanmu, ƙas, ƙas. Gumi ya ɗiga daga haɓa ya faɗa kan allo, sai a yi maza a goge da bakin hijabi. Lambobi su riƙa iyo a idona. Wani lokaci in tsaya a tsakiyar jimla in manta farkonta, ɗalibai su yi ta kallona da busassun leɓɓa, ba mai ƙarfin yi mini dariya. In na koma gida in kwanta a kan simintin da Inna ta yayyafa wa ruwa, in lissafa inuwar katanga tana tsawo har a kira magariba. Kunun tsamiya na farko in ya sauka, nakan ji shi har cikin yatsun ƙafa.

A cikin wannan hali na ce kowane rukuni ya kawo wata damuwa daga gida mu gwada yi mata na'ura. Wasu suka kawo ɓarayin kaji, wasu tankin ruwa mai ambaliya. Kulu ta jira kowa ya fita, sannan ta zo ta tsaya gefen teburina.

"Malama, abin nan na iya jin laima?"

Na ce yana iyawa, in an sa masa hanci. Akwai wani ɗan farin abu mai ramuka da ke jin zafi da laimar iska, shi ɗalibai suka raɗa wa suna hanci.

Sai ta ba ni labarin rudu. Ban san shi ba sai daga nesa, don gidanmu gidan littattafai ne, albasa a kwando muka san ta. Rudu wata rumfa ce ta kara da ciyawa, a ɗage bisa sanduna don iska ta bi ta ƙasa. A ciki ake jibge albasa bayan an cire ta, a jira watannin da za ta yi daraja. Abokan gabanta biyu ne, zafi da laima, kuma daga tsakiya suke fara ci inda ido bai kai ba. Don haka duk bayan 'yan kwanaki sai an yi juyi. A kwashe albasar duka, a baza a tabarmi, a tsince masu laushi, a mayar. Aikin yini guda ne na mutum biyar. Mahaifinta, Baba Ummaru, ya tsufa, bayansa na ciwo, ga azumi.

Ta ce bana albasa ta yi kyau, 'yan saye sun zo bakin gona ya ƙi sallamawa, ya zuba duka a rudu.

"Ya ce karatuna na baɗi na cikin rudun nan," ta ce, tana duban yatsunta. "In ta kai lokacinta, in dawo. In ba ta kai ba, shi ke nan."

Alluna huɗun na makaranta ne, Malam Sani ba zai bari ko ɗaya ya kwana waje ba. Amma ina da nawa na kaina, wanda na yi aikin kammala karatuna da shi. Shi na ba ta. Mako biyu muka yi muna haɗawa: hanci a bakin doguwar waya da za a cusa cikin albasa, ƙwan fitila kore na lafiya, ja na haɗari, da 'yar ƙararrawa mai kuka kamar ɗan tsako. Kulu ta liƙa kowace waya da hannunta a bakin gawayin Malam Sani, ta saka duka cikin robar man shafawa da ta huda wa ramuka. A cikin umarnin akwai lambobi biyu a jere, ɗaya ta zafi, ɗaya ta laima. In ɗayansu ya haura lambarsa, kore ya mutu, ja ya kama, ƙararrawa ta yi kuka. Lambobin daga littafi na ɗauko su. Ban tsaya na tambayi kaina a wace ƙasa aka rubuta littafin ba.

Ranar wata Asabar muka kai ta Argungu. Hanya ta yi fari da rana. Fadama ta bushe ta tsattsage, gulbi ya janye ya bar yashi, jiragen masunta na kife a gaɓa kamar ƙoren da aka wanke. Baba Ummaru ya tarbe mu a ƙofar gida, dogo, siriri, da rawani mai launin ƙasa. Rudun na bayan gida, ya fi ni tsawo, ƙamshin albasa mai lafiya na fita daga cikinsa, mai yaji, mai tsabta.

Ya juya robar a hannunsa, ya kai ta kunne, ya girgiza.

"Wagga ita za ta hwaɗa min albasata ta lalace?"

"Kafin ta lalace, Baba," na ce.

Ya naɗe hannun riga, ya cusa hannunsa cikin albasar har gwiwa, ya zaro, ya shinshina.

"Shekara arba'in hancin ga na wanga aiki," ya ce. "Ashe yau anka kawo mai magaji. Kulu, ke kinka yi ta?"

"Ni da Malama."

"Ita ta yi, Baba," na ce. "Ni kallo na yi."

Sai ya ɗaure robar a jikin sandar rudu da kansa, ya yi mata 'yar inuwa da guntun tabarma. Da safe ne, iska ba ta gama zafi ba. Kore ya kama. Matan gida suka leƙo suna salati. Kulu ta tsaya kwana gida. A mota da nake dawowa, na jingina kaina da taga ina mafarkin kowane rudu a kwarin nan da ɗan koren ƙwai a bakinsa, kamar taurari sun sauko gona.

Ranar Litinin sai ga Kulu da robar a ƙulle cikin ɗankwali.

Ranar ba a kawo wuta ba kwana biyu. Batirin kwamfuta ya yi ja tun kafin mu fara. Rukuni uku na tsaye a kaina da takardunsu, Bashiru ya haɗa waya a juye har wani abu ya fara hayaƙi, Malam Sani na faɗa. Azumi na sha tara ne ko ashirin, kaina na sarawa tun hantsi.

"Malama, ta ƙi yin shiru," Kulu ta ce. "Tun da rana ta ɗaga take kuka har la'asar. Baba ya kwashe albasa duka jiya, bai samu ko biyar masu laushi ba. Bai samu barcin rana ba. Maƙwabta na cewa mun aje aljani bayan gida."

Nan take na gane. Lambar zafin da na ɗauko daga littafi, a wurinmu ko inuwar asuba ta kusa kai ta. Abin da ya kamata in yi sananne ne: in zauna, in ɗaga ta zafi, in bar ta laima yadda take, don laimar ce mai kisa. Aikin minti biyu ne. Amma hayaƙi na tashi a teburin Bashiru, na riga na juya.

"Ɗaga lambar," na ce mata ta bayan kafaɗa.

"Zuwa nawa, Malama?"

"Har ta yi shiru."

Na ji ƙararrawar ta yi kuka sau biyu a bayana, sannan ta daina. Na ce a raina zan duba kafin ta tafi. Da na dawo teburin, kwamfuta ta mutu, Kulu na naɗe robarta tana murmushi, kore na haske ta cikin ɗankwali. Ranar ta aika da ita gida a motar Argungu.

Goman ƙarshe ta shigo da wani irin nauyi. Sama ta yi fari fat, gajimare na taruwa a gabas da la'asar su watse. Tsofaffi na duban sama suna cewa yau ko gobe. Ranar ashirin da huɗu, muna tsakiyar darasi, sai iska ta buɗe taga uku a lokaci guda, takardun umarni suka tashi kamar tattabaru. Kafin mu tattara, ruwa ya sauko. Ba a tsaye ya zo ba, a kwance ya zo, iska na kora shi. Ɗalibai suka fita waje, ni ma na bi su. Muka tsaya cikin ruwan da bakinmu a rufe gam saboda azumi, fatarmu na sha a madadinmu. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Malam Sani na bakin ƙofa rungume da akwatinsa, yana dariya ba sauti.

Kulu ba ta fita ba. Na same ta a taga tana duban gabas.

"Ruwan ga ya bi ta wajenmu," ta ce.

Bayan shan ruwa ta kira gida, sannan ta kira ni.

"An yi shi sosai, Malama, har ya ɗaga gefen ciyawar rudu. Amma Baba ya ce kore ce."

"Alhamdu lillahi," na ce. Na ƙara ƙosai a faranti. Har ga Allah, daɗi na ji.

Washegari rana ta dawo, amma ba irin ta da ba. Zafi ne mai jiƙa, kamar an rufa maka wankakken bargo. Tufafi ba sa bushewa a jiki. Gishiri ya dunƙule a kwano. Aka ba da hutun salla, ɗalibai suka watse, ni kuma na shiga hidimar gida, daka da suya da kai ɗinki. Sau biyu tunanin rudu ya zo mini, sau biyu na tuna kore ce.

Kwana uku bayan salla wayata ta yi ƙara. Na ɗauka na ji numfashi kawai.

"Kulu?"

"Malama, ki zo."

Tun daga bakin lungu na ji warin. Ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai taɓa ji ba. Yana da zaƙi-zaƙi a farko, sannan ya kama maƙogwaro ya ƙi saki. An yaye ciyawar rudu. Albasar gefe da ta sama lafiya lau, ja, tana ƙyalli. Ta tsakiya kuwa ta narke ta zama abu guda, baƙin ruwa na ɗiga ta tsakanin karan ƙasa, ƙudaje sun yi masa rumfa. Tabarmi shida a baje, matan gida da maƙwabta na durƙushe suna tsinta, ba mai magana. A jikin sanda, ƙarƙashin guntun tabarmarta, robar man shafawa na nan. Kore na haske.

Na ajiye jakata na durƙusa tare da su. Ban iya ba. Sai in ɗauki albasa in ga lafiyayya ce, wata tsohuwa ta karɓa ta matsa wuyanta, ruwa ya fito, ta jefa a tulin banza. Tun hantsi har la'asar muna yi. Tulin banza ya kai ƙugu. Na kirki bai cika tabarma ɗaya ba, shi ma an ce sai an kai kasuwa gobe-gobe, don wadda ta kwana da ruɓaɓɓiya ba ta daɗewa. Hannuwana suka yi kwana huɗu suna wari, ko da toka na wanke.

Da aka tashi, na zauna gindin wata bishiya na buɗe kwamfuta. Ranar cike take da caji, har abin ya ba ni haushi. Na kira umarnin da aka tura ranar Litinin ɗin nan. Ga lambobin biyu a jere. Ta zafi an ɗaga ta yadda ya dace. Ta laima an kai ta ɗari, ƙarshen ma'auni. Ko cikin gulbi aka jefa hancin, da wuya ja ya kama.

Kulu na tsaye a kaina.

"Na ɗaga ta farko ba ta yi shiru nan da nan ba," ta ce a hankali. "Sai na ɗaga ta biyun. Ni na rubuta, Malama."

"Ni na ce ki yi."

"Ba ki ce duka biyu ba."

"Ban ce ɗaya ba."

Baba Ummaru ya taho yana dafe da ƙugu, ya zauna a kan turmin da aka kife. Na faɗa masa komai: littafin, da hayaƙin teburin Bashiru, da maganar da na jefa ta bayan kafaɗa. Ya saurara har ƙarshe yana murza ɓawon albasa a yatsunsa.

"Malama, bar ɗora ma kanki," ya ce. "Wayewar garin ran da anka yi ruwa, na zo nan da asuba. Na naɗe hannun riga. Wallahi na naɗe. Sai na dubi abin ga, na ga kore, bayana kuma na ciwo, ga ƙishirwa tun ba a fara ba. Na ce ɗiyata ta yi karatu, bari in huta." Ya dubi hannunsa. "Ni na maida hannun rigata. Ba wanda ya kama ni."

"Baba, da na duba..."

"Da. Da ba ta cika rudu." Ya miƙe da ƙyar, ya je ya kwance robar daga sanda, ya naɗe ta a guntun tabarmar, ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai mayar da amana. "Wagga ba ta da laihi. Abin da anka hwaɗa mata shi ta riƙe. Allah shi ba mu ɗiya masu jin magana kamarta."

Yana nufin ya sa mu dariya ne. Ba wadda ta iya.

Kulu ta dawo bayan hutu ta rubuta jarrabawa. Ita ta fi kowa a darasina, da tazara mai yawa. Ranar ƙarshe ta share teburinta, ta jera ƙananan abubuwan nan masu zobe bisa launinsu a murfin kwano, ta miƙa wa Malam Sani. Da aka dawo sabuwar shekara, kujerar taga ta uku ba kowa. Na rubuta takardu, na hau benaye, na zauna a bakin ofisoshi. Kowa ya tausaya, kowa ya nuna mini ƙofa ta gaba. Abin da nake samu a lokacin ko kabu-kabuna bai cika ɗauka ba. Na kira ta, ta ce baɗi in Allah ya so. Baɗi ta zo, Baba ya kwanta ciwon baya, gonar ta koma hannun wani. Daga nan ta daina cewa baɗi, ni ma na daina tambaya. Na ji an ce matan unguwarsu na kai mata tocila da rediyo tana gyarawa a ɗaki. Duk salla takan turo mini gaisuwa, layi ɗaya, ta kira ni Malama.

Yanzu ɗakin gwajinmu na da farantan sola a kan rufi, da fanka, da alluna fiye da yadda Malam Sani zai iya rungumewa da yana nan. Ba mai jiran minti biyar. Har yau da ƙwan nan mai ƙiftawa nake fara darasi, har yau ɗaki kan yi tsit. In na zo wurin lambar, nakan ji jimlar nan ta a canza lamba a gani ta taho bakina da kanta, sai in tsaya. Ɗalibai su yi ta jirana. Ban samo wadda zan sa a gurbinta ba tukuna.

Shekaranjiya, bayan Inna ta shiga ɗaki, na ajiye butar. Na ɗauko robar daga ƙasan akwatina, har yanzu da guntun tabarmarta. Ban taɓa gyara lambar ba, ko da yake aikin minti biyu ne. Na sa mata sabon batir. Na je bakin rariya na ɗauko albasar nan, na fasa ta da yatsa, na cusa hancin a tsakiyar ruɓar, na tsuguna ina jira.

Inna ta fito da tsintsiya, ta tsaya a kaina.

"Maryama, mi kike yi da ruɓaɓɓar albasa da tsakar rana?"

Ban amsa ba. Ta sunkuyo, ta kare idonta da hannu, ta dubi ɗan ƙwan.

"Kore ce ai," ta ce. "Lahiya lau ke nan."

"Haka ta ce, Inna."